Yadda Na Tayar da Janareta a Garin Masu Sola

Tun da na dawo daga Gana ban samu sakat ba. In na zauna a teburin mai shayi, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Wanda ya kawo gyara ma sai ya ajiye janaretansa ya ja benci ya ce in ba shi labari tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne labarin ya fara yin rassa. Shekaranjiya wani ya tare ni a bakin kasuwa yana yi mini jaje, wai ya ji an tsare ni kwana uku a can saboda na lalata wa Turawa na'ura. To, ba a tsare ni ba, kuma ban lalata komai ba. In ma laifi na yi, gyara ne laifin. Shi ya sa na ga gara in faɗe shi daga farko har ƙarshe, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sale, shekara ashirin da 'yan kai ina gyaran janareta a Tudun Wadar Zariya. Cikin masu kawo mini aiki akwai Dokta Rifkatu, 'yar Wusasa ce, tana koyarwa a jami'a. Aikinta shi ne tsara yadda ƙasa za ta samu wutar lantarki mai araha ba tare da ta cika sama da hayaƙi ba. Tana zuba wa kwamfuta bayanai, inda rana ta fi ƙarfi, inda koguna suke, inda gas yake, inda waya ta kai da inda ba ta kai ba, ita kuma kwamfutar ta lalubo hanyar da ta fi sauƙi daga nan zuwa shekaru masu yawa. Burinsu, kamar yadda ta bayyana mini, shi ne wata rana hayaƙin da muke fitarwa ya zo daidai da wanda itatuwa da sauran dabaru ke shanyewa, a tashi canjaras. Ita kuwa kwamfutar da ke wannan babban aiki, da janaretan da nake gyarawa take numfashi.

Duk lokacin da na je gidanta aiki, sai ta ɗauko kujera da littafi ta zauna kusa. Awa nawa tela ke kunna inji a rana? Mai walda fa? Masu ƙanƙara da zoɓo yaya suke yi in an kwana biyu ba wuta? Ina kwance kafireta ina ba ta amsa, ita tana rubutawa. Na ɗauka hira ce kawai, sai ran nan ta ce za a yi taro a Ankara, babban birnin Gana, kuma ta ba da sunana, don ana son a ji daga bakin wanda ya san wutar da mutane ke amfani da ita da gaske. Na tambaye ta, in wannan tsari nata ya yi nasara, ni ina zan sa kaina? Ta yi dariya ta ce mu je tukuna. Da na gaya wa Hajara matata, cewa ta yi ba ta taɓa jin an gayyaci mahauci taron masu hana cin nama ba, amma in je in gano mata.

Maganar jirgin sama kuwa na ce a kai kasuwa. Ni da na san yadda inji ke mutuwa ba sallama, ba zan hau wanda in ya mutu babu gefen titin da za a faka shi ba. Dokta ta yi ta lallashi, na ƙi. Da ta ga haka ta ce to mu bi ƙasa, dama tana son ta ga garuruwan hanya. Mahaifinta, Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin asibiti da ya haura saba'in, yana jin haka ya ce da shi za a je, don bai taɓa ganin teku ba kuma ba ya son ya mutu da jin labari. Haka muka zama mu uku.

A Kwangila muka hau doguwar mota zuwa Legas. Baba da fulas ɗin shayi da jakar magunguna, Dokta da kwamfuta a cinya, ni da akwatin kayan aikina a ƙarƙashin ƙafa, don ban ga yadda za a ce masani ya je taro hannu rabbana ba. Ba mu kai Kaduna ba wani mai tallan magani ya miƙe ya fara wa'azin wani gari da ke maganin basir da hawan jini da mantuwa. Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ya tambaye shi sunan abin da ke ciki. Suka yi ta kai ruwa rana har mutumin ya sauka, bai sayar da ko ƙulli ɗaya ba, yana waiwayenmu yana ƙunƙuni. Daga nan rabin motar suka koma kawo wa Baba ƙorafin ciwon gwiwa da na baya.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, kun san ta. Mun kwana, gari na wayewa muka nufi iyakar Seme. A nan asirina na farko ya tonu. Tun a gida Baba ya tambaye ni ko na yi allurar da ake ba da katin rawaya a kanta, na ce na yi, alhali ban yi ba. Ni da wuta ta ja ni ba adadi, allura ce ba na so. Da aka nemi kati na fara lalube a aljihu, Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce in daina wahalar da aljihun. Aka shiga da ni wani ɗan ɗaki, wata mata ta tsira mini, Baba yana riƙe da hulata yana gaya mata cewa wannan da take gani ya runtse ido babban injiniya ne a Zariya.

Na biyu kuma a ɓangaren ƙasar Binin. Baba ya koya mini kalma biyu na Faransanci, bonju da wi, wato sannu da e, ya ce sun ishe ni. Jami'in da ke duba kaya ya buɗe akwatina ya ga sifana da filaya da filogi sababbi, ya yi tambaya, na ce wi. Ya sake yin wata, na ce wi. Ya yi ta uku yana kallona da mamaki, na ƙara masa wi da murmushi. Ashe tambayata yake ko kayan sayarwa ne, ko aiki na zo yi a ƙasarsu, ko kuma ba ni da takardar izinin aikin. Duk na amsa. Sai da Dokta ta fito da takardar gayyata ta yi kusan awa guda tana bayani kafin aka sake mu. Da muka fito ta ce, cikin ladabi, daga yau akwatin nan zai riƙa zama a masauki, ni kuma in riƙa cewa ban ji ba.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, da lamba a baya, ba kamar namu da sai ka kalli idon mutum kafin ka san ko haya yake yi ba. Mata kuwa kowace da nata babur, ga ɗaurin ɗankwali ga takalmi mai tsini, tana ratsa motoci ko a jikinta. A bakin titi ana sayar da fetur a cikin wasu manyan kwalabe kamar tulu. Na sa direba ya tsaya na sauka na sunsuna, don sana'a ba ta barin mutum. Na dawo na gaya wa Baba cewa man nan ɗan gida ne, ya riga mu tsallakowa, kuma shi ba a yi masa allura ba. Burodinsu dogo ne siriri kamar gora, ɓawonsa na yanka dasashi, amma in ka tsoma a shayin Baba sai ya yi hankali.

Togo kuwa kafin ka gyara zama ka fita daga cikinta. A Lome titi yana bin bakin teku, Baba ya ce a tsaya. Ya naɗe wando ya shiga har idon sawu, ya tsaya yana kallo, can ya ɗebo ruwan ya ɗanɗana ya ce lallai ba ƙarya aka yi musu a makaranta ba. Ni daga nesa na tsaya, don ruwan da ke zuwa wurinka da kansa ba abin wasa ba ne. Iyakar Gana a cikin gari take, ka gama cin gyaɗa a Togo ka yar da ɓawon a Gana. A can ban ce wa kowa wi ba, muka wuce lafiya.

A Ankara masu taro sun kama mana otal, ni da Baba ɗaki ɗaya. Makullin ɗakin kati ne, kuma sai ka soka shi a wani rami a bango wuta ke kamawa. In ka zare za ka fita, komai ya mutu. Na yi ta sokawa ina zarewa har Baba ya ce in bar musu kayansu. Amma dabarar ta burge ni, don na san gidaje a Tudun Wada da ƙwan ƙofar gida ke ci har azahar in an yi sa'a an kawo wuta. Abincin otal ɗin ne bai karɓe ni ba, ganye ɗanye da wani nama da ba a gabatar mini da shi ba. Sai na tambayi mai gadi inda Hausawa suke, ya kwatanta mini Zango.

A Zango na ci wake da shinkafa irin nasu, wanda suke haɗawa da taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi, duk a ganye ɗaya. Na ci dokunu, tuwon masara ne mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, loma ta farko ka ɓata fuska, ta biyar ka nemi ƙari. Hausarsu kuwa daɗi, sai dai ba ruwanta da mace ko namiji. Mijin mai abincin, wani dattijo Alhaji Mumuni, ya ce mini matarsa ya tafi kasuwa amma yanzu zai dawo. Na yi ta juya maganar, har matar ta dawo na ga mace ce sosai. Da ya ji sana'ata ya ce su ma sun taɓa shan zamanin ɗauke wuta, har suna suka sa masa, dumso, wato kashe-kunna, kuma yakan leƙo har yanzu. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a wurinmu har masallaci da janaretansa. Na ce har mai aski.

Ranar farko ta taro na shirya tsaf na isa zauren ƙarfe tara daidai, na tarar ba kowa sai mai shara. Na zauna ina cewa a raina ashe su ma ba su da alƙawari. Sai da na yi awa guda kafin na gane agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya tun daga Togo, kuma Baba ya sani, ya bar ni ne kawai. Zauren kuwa sanyi kamar cikin firiza. Mutanen da suka taru don rage shan wuta sun kunna na'urar sanyi har haƙora na haɗuwa. Baba ya ara mini rigar sanyinsa ta zuwa coci, na ɗora a kan kaftani, haka na wakilci Tudun Wada.

Kowa ya hau sai ya nuna hoto mai layi yana gangarowa ƙasa. Turancina na gyaran inji ne, amma Dokta tana raɗa mini abin da ake ciki. Wani mutumin Kenya ya ce su daga tururin ƙarƙashin ƙasa suke samun wuta. Wani Bature ya ce a manta da gas gaba ɗaya, a tsallaka kai tsaye zuwa rana da iska. Wata mata daga Senegal ta miƙe ta ce masa wanda bai ci ya ƙoshi ba, ba a fara masa da wa'azin rage ciki. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Dokta ta yi nata bayanin, ta ce kowace hanya aka bi, in wutar ba ta yi araha ba kuma ba ta tsaya ba, mutane za su koma wa janareta, wanda ya fi kowace wuta tsada da hayaƙi. Aka tafa mata. Na tafa ni ma, ko da yake tuwona ake magana a kai.

Rana ta biyu aka kwashe mu zuwa wani tsibiri a tafkin Bolta, inda aka yi wa wani ƙauyen masunta wutar sola tasu ta kansu, ba ruwansu da babbar waya. Sai an shiga jirgin ruwa. Aka ɗaura mini wata riga mai kumfa, na riƙe katako da hannu biyu. Baba yana gefena yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ni ina jan duk addu'ar da na haddace, mai jirgi dai ya samu rakiya ta fuska biyu.

Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Faifan sola jere a fili, ɗakin batura a share, makaranta da fanka, asibiti da firjin allurai wanda Baba ya buɗe ya rufe sau uku yana jinjina kai. Babu ƙara, babu wari. Wani jami'i yana ta bayani, ana ta ɗaukar hoto. Ni kuwa azahar ta yi, na zame na gangara bakin ruwa na yi alwala na yi salla. Ina sallamewa kunnena ya jiyo wani abu daga can bayan gari. Ƙaramin janareta ne, yana tari yana shiɗewa, ya ɗauka ya saki. Ko a mafarki na ji wannan kukan na san kafireta ce ta toshe. Na ce bari in leƙa kawai.

A bayan wani gida na same shi, an jawo waya daga jikinsa zuwa wata firiza. Wata mata ƙaƙƙarfa tana tsaye a kansa da tsintsiya kamar za ta doke shi. Na yi sallama da hannu, sai ta amsa da Hausa, irin ta Zango. Sunanta Madam Ajo, kifi take saya a wurin masunta tana kaiwa birni, a can ta koyi Hausa. Na tambaye ta me ya haɗa ta da janareta a garin da rana ke ba da wuta. Ta ce layin unguwarsu ya mutu tun farkon damina. Wani abu ne ya ƙone a akwatin da ke raba wuta, kuma mai gyaran yana Ankara, sai ya hau mota ya hau jirgi, an kira shi ya ce yana tafe. Ɓangaren da aka kai baƙi shi ne mai aiki. An ma roƙe ta kada ta kunna inji yau, amma kifinta ya fara laushi, kuma baƙi ba su za su ci asarar ba.

Kayan aikina suna otal, bisa umarnin Dokta. Na ari wuƙar gyaran kifi da wani tsohon cokali, na kwance kafiretar, na zare silin waya na bi ramukan, na hure, na wanke da ɗan fetur na mayar. Ja ɗaya ya tashi, muryarsa ta fito tangaran. Daga nan ta ja ni zuwa akwatin da ya ƙone, ta buɗe ta ce tunda Allah ya kawo ni in duba. Na tsaya a gabansa. Wayoyi ne da wasu na'urori masu ƙananan fitilu, ban san wanda zan taɓa ya gyaru ba, ban san wanda zan taɓa in kashe sauran garin ba. Shekara ashirin ana ce mini injiniya, ran nan na tsaya kamar baƙauye a gaban injin cirar kuɗi. Na ce mata wannan ya fi ƙarfina. Kunyar da na ji a wurin ta fi ta allura.

Abin da ban lissafa ba shi ne, injin da ya samu lafiya muryarsa na kai wa nesa. Muna dawowa muka tarar da mutanen taro gaba ɗaya sun biyo ƙarar, da jami'in, da masu hoto. Ga janareta yana ta aiki, ga ni da baƙin mai har gwiwar hannu, ga katin taro a wuyana da sunan ƙasata. Madam Ajo kuwa ta nuna ni da alfahari tana gaya musu da Turanci cewa wannan ne ya tayar mata da shi. Wani ya ɗauki hoto. Na nemi idon Dokta, ta kawar da kai.

A jirgin dawowa ban ma tuna da tsoron ruwa ba. Da muka isa otal wajen magariba Dokta ta tsayar da ni a baranda. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Malam Sale, shekara shida ina aika takarda kafin a gayyace ni wannan taro. Ni na tsaya maka. Yanzu abin da za a tuna da shi, baƙon Rifkatu ya je garin sola ya tayar da janareta."

Na ba ta haƙuri, na ce kifin matar ne ya fara lalacewa. Ta ce ta sani, ta shige ɗaki. Washegari ni ne zan yi magana, minti biyar, kuma tun a Zariya ta rubuta mini jawabin da Turanci na haddace shi kamar karatun allo. Na ce wa Baba ina ganin gara in ce ba ni da lafiya. Ya ce shi ma'aikacin asibiti ne, ba zai sa hannu a wannan ƙaryar ba. Ya zuba mini shayi, ya ce shi ya haife ta, ya san fushinta ba ya kwana biyu, kuma abin da ta fi tsana a duniya shi ne lissafin da aka ɓoye wa wani abu. In tashi in faɗi abin da na gani.

Da aka kira sunana na hau, na buɗe baki, Turancin nan ya gudu ko kalma ɗaya bai bar mini ba. Na ce da Hausa, ni da harshena zan yi magana, in Dokta za ta taimaka. Ta taso ta tsaya gefena ta karɓi ɗayan abin maganar.

Na ce musu ni ne mutumin jiya. Aka yi dariya tun kafin ta gama fassarawa. Na ce a garinmu ba wanda ke son janareta, har ni da nake ci da shi. Yana da ƙara, yana da wari, yana shan mai kamar rami, ya sha kashe mutane a ɗaki. Amma in ya lalace da safe, kafin azahar an samu irina a bakin layi ya tayar da shi. Shi ya sa mutane suka amince da shi. Na ce wutar da na gani jiya ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, amma ta mutu tun farkon damina tana jiran mutum ɗaya daga birni. Sannan na juya na ce kwamfutar Dokta ta ƙirga rana, ta ƙirga waya da batir, amma ban taɓa jin ta tambayi wa zai gyara ba, kuma ni da nake gyara mata inji shekara da shekaru, jiya na tsaya gaban akwatin sola ban san ko ta ina ake fara shi ba.

A nan ta tsaya. Ta dube ni, na dube ta. Na ɗauka za ta tsallake wannan ɓangaren, kuma da ta yi hakan ba wanda zai sani sai Baba. Sai ta juya ta faɗe shi duka, na ji sunanta ya fito daga bakinta, na ji kalmar kwamfuta. Ta ƙara da wata magana tata, wadda daga baya Baba ya ce mini cewa ta yi gaskiya ne, babu wannan layin a lissafinta, kuma za ta sa shi. Na rufe da cewa irina muna da yawa a kowane gari, da hannu da kunne da mutanen da suka yarda da mu. In an koya mana, mu ne za mu riƙe musu wutar. In an bar mu, za mu ci gaba da tayar da janareta, don kifi ba ya jiran taro.

An tafa, amma ba zan ce zauren ya tsage ba. Matar nan ta Senegal ta zo ta gaishe ni, mutumin Kenya ya ce su ma suna da irin wannan matsala a ƙauyuka. Jami'in da ya kai mu tsibiri bai gaishe ni ba, amma na ga yana waya a waje yana ta sharce gumi.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Lome. Can sai Dokta ta buɗe kwamfuta ta juyo ta tambaye ni masu gyaran janareta nawa na sani tsakanin Tudun Wada da Kwangila, kuma wata nawa zai ɗauki mai hannu kafin ya iya aikin sola. Muka yi ta lissafi har Seme. Baba ya yi barcinsa.

Yanzu ranar Talata da Alhamis ba kwa samuna a shago da safe. Ina Tudun Jukun wurin Malam Bulus mai haɗa sola, mutumin da na shekara ina yi wa tsiya cewa ya bar inji ya koma goge gilashi. Ya karɓe ni, amma sai da ya sa na goge gilashin mako guda.

Makon jiya Madam Ajo ta kira ni. Ta ce kwana huɗu bayan tafiyarmu mai gyara ya zo, har da mutum biyu, layinsu ya dawo, firiza tana ta aiki ba ƙara. An kuma ce za a koya wa mutum biyu daga cikin garin. Ta ce wani ya taya janaretan, ko ta sayar? Dokta tana shagon a lokacin, ta kawo nata gyara. Na rufe wayar da hannu na gaya mata tambayar. Ta dubi injinta da ke kwance a gabana.

"Ka ce mata ta tsiyaye man, ta rufe shi da buhu," in ji ta. "Kada ta sayar tukuna. Ba mu gama lissafin ba."